Shekarar da Dogo Ya Yi wa Babanku Tafiya

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku tashina a Likoro, na rubuta yadda aure ya kawo ni Nasarawan Doya, amma duk sanda na iso shekarar wayar babanku sai in rufe littafin in ce bari in duba tukunya. Yau dai na yi alwala, na yi bismillah, na zauna. Abin da ya zaunar da ni shi ne hirar da na ji ranar sunan 'yar Hadiza, kuna tsakar gida kuna gardama. Hadiza na cewa wasan waya ne ya tayar da Malam, yayanku babba na cewa wasan waya ne ya kusa gama da shi a zaune. Da kuka gaji sai kuka haɗu kuka juya kan ɗan'uwanku Nura da tsiyar da kuka saba, wai shi ya goge wa Baba gem har Baba ya kwana tara bai ce wa kowa uffan ba. Nura ya yi dariya tare da ku, amma ni na ga inda dariyar ta tsaya. Kowannenku yana riƙe da ɗan guntun gaskiya. Sauran yana wurina.

Babanku ba shi da sarauta, ba kuma limami ba ne, amma a unguwarmu ba mai sa iri a ƙasa sai ya ji daga bakinsa. In ruwan farko ya sauka, da hantsi zai tafi gonar gandu, can tsakiya inda ƙasa ta yi ɗan tudu, ya durƙusa ya cusa hannun dama har wuyan hannu, ya damƙo, ya murza, ya shinshina. Abin da yake nema shi ne ko laimar sama ta gangara ta sadu da ta ƙasa. In ya ce a shuka, gari ya fita. In ya ce a dakata, maza su mayar da sungumi bayan ɗaki ko da ƙasa na ƙamshi. Wannan hannun ne ya saki buta wata la'asar cikin bazara, ya dawo daga kasuwar Makarfi. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Da muka dawo daga asibiti a Zariya baki ya ɗan dawo, ƙafa tana ja, hannun kuwa yana kwance a cinyarsa kamar wani ne ya manta shi a wurin. Ruwan farko na shekarar ya sauka, maƙwabta suka zo zaure suna jiran magana, Malam ya juya fuskarsa bango. Sai kowa ya shuka. Ruwa ya ɗauke, masara ta tsiro ta ƙone, aka sake neman iri. Ranar da labarin ya iso masa abu ɗaya ya ce:

"Ni na kashe irin nan."

Mai gashin ƙashi da muke zuwa wurinsa ya ba mu aiki biyu. A zuba ƙwayar masara a kwano, Malam ya riƙa tsinta da hannun dama yana mayarwa wani kwanon, sannan kullum ya taka da sanda daga ɗaki zuwa ƙofar zaure ya dawo. Tafiyar yana yi da ƙyar, in na matsa. Masarar kuwa ya shure kwanon da ƙafarsa mai lafiya.

"Ni da na cika rumbu da ita, yau ni ake zuba wa in tsinta kamar kaza?"

Haka muka ci damina. Da kaka Hadiza ta zo hutu daga karatun jinyarta a Makarfi, da wata waya mai faɗin fuska. Ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta zauna a gefen tabarma tana latse-latse tana tsaki. Ni na san 'yata, na san tsakin nan na shiri ne.

"Baba, don Allah duba min wannan. Kwana uku ya gagare ni."

Ya leƙa. Wasu 'ya'yan itatuwa ne a jere cikin gida-gida, lemo da inabi da kankana, in ka jera uku iri ɗaya sai su fashe wasu su zubo daga sama.

"Ke da karatunki wannan ne ya gagare ki? Ga lemo can, matso da shi mana."

Ya miƙa hagu. Ta janye wayar.

"Haba Baba. Abinci ne fa. Da hagu za ka taɓa abinci?"

Sai ya yi dariya, da rabin baki, dariyar farko tun ranar butar. Ta ɗauki hannun daman ta ɗora a kan gilashin, ta riƙe masa manuniya ta ja lemon, uku suka haɗu suka fashe, wayar ta yi wata 'yar ƙara ta murna. Da za ta koma makaranta ta bar masa wayar, ta ce ai ita tana da ƙarama.

Makonnin farko ni ke riƙe masa wuyan hannu. Shi ke gani, shi ke ba da umarni, ni ke ja. Wata safiya ina tankaɗe a ƙofar ɗaki na ji ƙarar fashewar nan, alhali ba kowa a wurinsa. Na leƙa. Ya jingina wayar da matashi, gumi na tsattsafo masa a goshi, yatsan yana tafiya a kan gilashi shi kaɗai, a hankali, yana rawa kamar ɗan akuyan da aka haifa yanzu. Na koma na zauna, garin da nake tankaɗewa na zuba a zanena. Bayan kamar mako biyu, yana sallar azahar a zaune, ya kai tahiya, na ga manuniyar nan ta ɗaga. Wata bakwai ba ta ɗaga ba. Ku yara kun taso kun ga waya, ba za ku gane abin da na ji ba. Mun sha rubutu, mun sha magani, mun yi sadaka, kuma na tabbata duk sun yi aikinsu, amma da Ubangiji ya tashi buɗe ƙofar sai ya buɗe ta ta wurin lemon da ba a sha, wanda wasu mutane da ba su san akwai Nasarawan Doya a duniya ba suka zana don masu jiran mota su kashe lokaci. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Wasan nan yana da wani hali da na yaba. Rai biyar yake ba mutum. In ka fāɗi sau biyar sai ya rufe ƙofa ya ce ka je ka dawo an jima, kuma a wannan tsakanin nake samu in tayar da Malam ya taka zuwa zaure. Amma ba zan ce muku ba shi da aibi ba. Yana da wayo irin na ɗan kasuwa: sai ya bari saura ɗan ƙiris ka ci sannan ya ce ka fāɗi, ya kuma nuna maka cewa in ka sayi rai da kuɗi zai ƙara maka. Malam bai taɓa saya ba, ya ce ba ya cinikin abin da ba ya iya riƙewa a hannu. Ga tallace-tallace da ke faɗowa ba sallama, wani lokaci da mata ba mayafi, sai ya kife wayar yana a'uzubillahi har su wuce. Kuma duk nisan da ka yi abu ɗaya ne. Zan faɗa muku wani abu da ba ku sani ba: ni ma na buga. In ya kwanta bayan azahar nakan ɗauka in ce ɗaya kawai, sai in farga rai uku sun tafi, wanke-wanke na jira.

Wajen tsakiyar rani ya fara gajiya da shi. Nura, wanda lokacin yake aiki a shagon caji da gyaran waya a bakin titi, shi ke kai wayar ya cika ta ya dawo da ita. Wata rana Malam ya miƙa masa yana cewa:

"Lemon nan dai lemo ne. Na jera shi ya fi sau dubu, bai taɓa zama wani abu ba."

"Baba, akwai wanda ya fi wannan. Wannan na yara ne. Bari in sa maka na manya."

Da kyakkyawar niyya ya yi, ina shaida. Abin da ya sa masa wata duniya ce sukutum. Wani ɗan mutum ne mai alkyabba da takobi, kai ke tafiyar da shi, in ka tura yatsa gaba ya taka, in ka ja ya tsaya. Malam ya dube shi ya ce ƙafafunsa sun yi tsawo, ya sa masa suna Dogo. Mutanen cikin wasan da Turanci suke magana, rubutu na fitowa a ƙasa, don haka aka nemo ni. Tun muna amare babanku yake ce min 'yar boko saboda na gama sakandare, to a wannan ranin ne bokon ya yi masa rana.

"'Yar boko, zo ki ji me tsohuwar nan take so."

"Wai akuyarta ta ɓata a bayan dutse, Malam. Tana roƙon a nemo mata."

"Allah sarki. Ba ta da 'ya'ya ne? Ce mata ta kwantar da hankalinta."

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma abin ya tafi da ni. Na ga duwatsun da ƙanƙara ta rufe fari fat, na ga daji mai itatuwan da ba a ganin ƙarshensu, ruwa na zubowa daga sama da ƙararsa, rana na faɗuwa a cikin waya inuwar Dogo na ƙara tsawo yadda ta mutum take yi. Nakan juya wayar in dubi bayanta, abu bai kai tafin hannuna biyu ba, in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam wannan basira, to ina ga abin da Shi ya halitta. Kuma wasan ya ba Malam abin da mu muka kasa ba shi. A gida kowa tausayinsa yake ji, a can kuwa kowa nemansa yake yi. Mai gada na so a gyara masa gada, wani ƙauye na so a kore musu dodo. Bakinsa ya saki don yawan gardama da su. Dattawa suka koma zuwa zaure, yana ba su labari yana cewa jiya mun haye dutse, yau za mu nemi hanyar teku, kamar wanda ya dawo daga fatauci. An ce masa a ƙarshen tafiyar akwai teku, shi kuwa bai taɓa ganin teku ba.

Sai dai wannan ba ya cewa je ka dawo. Ba shi da rai biyar. In ka gama wa wannan aiki, wancan na tsaye yana jira, kuma kowace safiya yana ajiye maka kyauta, in ka tsallake rana ɗaya ka rasa. Ba a kuma barinsa a ko'ina, sai Dogo ya kai wani wuri da ake hura wuta, in ba haka ba tafiyar ranar ta zube. Nan na fara jin abin da ban taɓa ji daga bakin babanku ba. A kira salla, in kawo ruwa, ya ce:

"Bari in kai wuta tukuna."

Carbinsa ya koma rataye a ƙusa. Sandar ta koma lungu. In na ce Malam a taka zuwa zaure, sai ya ce yau ai mun yi tafiya mai nisa, yana dariya, amma ni na lura ya fara yarda da maganar. Dogo na ƙara ƙarfi, ya sami doki, ya sami sulke, ƙafar babanku kuwa tana kumbura tana sandarewa. Da muka koma wurin mai gashi ya yaba hannun ƙwarai, sannan ya lanƙwasa gwiwar, ya dube ni ba shi ba.

"Hajiya, hannu ya yi gaba, ƙafa ta yi baya. In ta wuce daminar nan a haka, sai dai keken guragu."

Ba a yi mako biyu ba ruwan farko ya sauka. Da safe na roƙi yayanku ya ɗebo min ƙasar gona a ƙwarya, na kai wa Malam na ajiye a gabansa, ƙamshinta ya cika ɗakin. Na ce ga ƙasa, mutane na zaure suna jira. Bai ɗago ba.

"Ajiye nan, muna tsakiyar yaƙi. Karanta min abin da wannan mai gemun yake cewa."

Na karanta masa. Har la'asar ƙwaryar na nan inda na ajiye ta, ƙasar ta bushe ta tsage. Mutanen zaure suka watse, wasu suka je suka shuka. Na kama yayanku na ce don Allah ya dakata da namu.

Washegari Nura ya dawo da wayar daga caji da hantsi. Bayan azahar Malam ya kwanta. Na ɗauke ta daga gefen matashi na fita bayan rumbu, na danne hoton Dogo na riƙe yadda na ga Nura yana yi, har rubutu ya fito. Da ban iya karatu ba da na ce ban sani ba. Amma na karanta shi sarai, har sau biyu: in na goge, duk abin da ke ciki ya tafi. Wata huɗu na tafiyarsa, dokin, sulken, tsohuwar da akuyarta. Na yi bismillah na danna, na tsaya ina kuka kamar na rufe wani a rami. Na mayar da wayar inda take.

Da ya farka ya nema ya rasa, ya sa aka kira Nura. Nura ya rantse bai taɓa komai ba, ya ce bari ya sake saukewa. Ya sauke. Ga Dogo ya fito, amma ba doki ba sulke, yana tsaye a ƙauyen farko, ga tsohuwar nan ta matso.

"Me take cewa?"

Na ce, da muryar da ban san tawa ce ba: "Wai akuyarta ta ɓata a bayan dutse."

Ya daɗe yana kallonta.

"Na fa nemo mata. Har godiya ta yi." Ya ture wayar. "Wannan ba shi ba ne. Ba su san ni ba." Sannan ya juya ga Nura. "Kai ka ba ni shi, kai ka ƙwace. Tashi ka ba ni wuri."

Ina tsaye da kwanon fura a hannu. Kalma uku ce za ta wanke yaron nan, na buɗe baki, tsoro ya rufe min shi. Nura ya fita kansa a sunkuye. Wannan shi ne kwana taran da kuke faɗa. Malam yana ci kaɗan, yana salla a kan lokaci, ba ya magana, ba ya taɓa wayar. Ni kuwa kowace sujada ina tambayar Ubangiji ko gyara na yi ko ɓarna. Sama ma ta yi shiru, waɗanda suka shuka suka fara kallon gabas suna jan tsaki.

Rana ta tara da la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai nauyi. Da safe na ɗauki ƙwaryar nan na ɗebo ƙasa da kaina, daga bayan gida inda ruwan indararo ke zuba, na kai masa. Ya dube ta, ya dube ni. A hankali hannun daman ya tashi ya shiga ciki, ya murza.

"Daga ina?"

"Daga bayan gida, Malam."

"Shekara talatin kina gidan nan, ki kawo min lakar indararo ki ce in yanke wa gari magana da ita? Ta tudu ake dubawa."

"Ni ban san tudun ba."

Ya zare hannun daga ƙwaryar. Sai ya ce:

"Miƙo min sanda."

Yayanku ya kawo babur, ya ƙi. Tafiyar da dā yake yi kafin shayi ya huce, ranar tun hantsi muka fita sai dab da azahar muka isa. Sau uku yana zama a gefen hanya, ƙafar na jan layi a cikin laka. Na sa mayafi na bi su da buta, kafin mu kai mutanen unguwa sun biyo mu a baya. A kan tudun yayanku ya kama shi ta dama, Nura ta hagu, suka durƙusar da shi. Na ga hannun nan, wanda ya yi wata bakwai a cinya kamar mushe, wanda lemon ƙarya ya tashe shi, ya nutse cikin ƙasar Allah har wuyan hannu. Ya damƙo, ya murza, ya kai hanci. Ya rufe ido.

"Sun haɗu. A shuka."

Wani dattijo a bayana ya yi kabbara, sauran suka amsa.

Da maza suka watse neman sungumi, aka zaunar da shi a gindin ɗorawa, na zuba masa ruwa yana wanke hannu. Bai dube ni ba ya ce:

"'Yar boko, da a wurin caji ne abin ya lalace, da duka biyun sun tafi. Wanda ya goge Dogo ya bar lemo, mai son lemon ne. Kin ɗauka ban san inda raina uku ke zuwa kullum bayan azahar ba?"

Na ajiye butar. Na ce ya yafe min. Ya ce shi ya yafe tun kwana na uku, sauran shidan kunyar kansa ce ta hana shi magana. Amma ya ce akwai mai haƙƙi, kuma ba zai tona ni a gaban 'ya'yana ba, ni zan faɗa da bakina. Da yamma ya kira Nura ya ce masa na zalunce ka, ka yafe min, bai ƙara komai ba. Ni na ce gobe. Goben nan ce ta kai yau.

Damina huɗu ya ƙara a duniya, kuma duk huɗun da ƙafarsa ya je tudun. Lemonsa yakan buga jefi-jefi don hannu, in rai biyar sun ƙare ya ajiye ya ɗauki carbi. Wurin Dogo kuwa bai sake komawa ba, amma bai manta shi ba. Wani lokaci muna zaune sai ya ce, ko yaya tekun nan yake. Duk sanda ya faɗa sai na ji abu ya soke ni, don ni na tare masa hanya saura kaɗan ya kai, kuma har yau ban sani ba ko akwai wata hanya mai sauƙi da na kasa gani.

To Hadiza, kin yi gaskiya, wasa ya tayar da hannun. Babba, kai ma ka yi gaskiya, wasa ya kusa cinye ƙafar. Amma ku sauke wa ɗan'uwanku kayan da ba nasa ba. Nura, ba kai ba ne, kai ma ka sani, kuma ina zaton ka daɗe da sanin ko wace ce ka yi shiru don ni. Ni ce na goge. Ka yafe wa uwarka tun tana iya jin amsarka da kunnenta.